Gilashin Gaban Mota Na Shirin Zama Allon Kallo: Ina Makomar Dillali Da Mai Sayar Da Gilashi?

A watan Janairun shekarar 2025, a wajen babban bajekolin kayan lantarki da ake yi kowace shekara a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka, wani kamfanin Koriya ta Kudu mai suna Hyundai Mobis ya girke wata mota ƙirar Kia EV9 domin jama'a su shiga su gane wa idonsu. Duk wanda ya zauna a mazaunin direba sai ya ga gudun mota, da taswirar hanya, da sauran bayanan da aka saba karantawa a agogunan bayan sitiyari, duk sun fito ƙarara a jikin gilashin gaba, alhali kuwa yana ci gaba da hangen abin da ke waje ta cikin wannan gilashin. Kamfanin ya ƙara da cewa wanda ke zaune a gefen direba zai iya kallon nasa fim a nasa ɓangaren gilashin ba tare da direba ya ga komai ba.

Hyundai Mobis ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. A watan Oktoban 2024 ne ya ƙulla yarjejeniya da Zeiss, wani tsohon kamfanin Jamus da ya yi suna wajen yin gilashin tabarau da na kyamara, kuma a lokacin sun ce burinsu shi ne su fara ƙera abin da yawa daga shekarar 2027. Sunan da suka ba fasahar shi ne hologiram.

Mai karatu da ke zaune a rumfarsa a Birnin Ƙonni ko Ɗan Isa ko Gaya zai iya cewa, to mu ina ruwanmu da motar da ko a Turai ba ta shiga kasuwa ba? Ruwanmu kuwa har da tsaki. Motar da aka ƙera yau a Jamus ko Japan ko Amurka, ita ce za ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome nan da shekara goma ko sha biyar, kuma daga hannunmu za ta bi kafin ta isa wurin mai ita. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 wanda ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu har miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kuma kashi 40 cikin 100 nahiyar Afirka suka nufo. Hanya takan canza, kamar yadda ta canza da Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017, ta kuma sake canzawa da aka rufe iyakar Nijar da Binin bayan watan Yulin 2023, amma motocin ba su daina zuwa ba. Duk abin da aka dasa wa mota a can, alheri ne ko ɗawainiya, mu ne masu gadonsa.

Abin da ya fi damunmu a wannan makala shi ne gilashin kansa. Har yau a wurin mafi yawanmu gilashin gaba gilashi ne kawai: in ya fashe sai a auna, a nemo na irin motar, sabo ko na hannu, a shafa gam a manna. Wannan zamani yana gab da wucewa, a wasu motocin ma ya riga ya wuce ba mu ankara ba.

Daga jirgin yaƙi zuwa mota

Kafin a kai ga hologiram, sai an fahimci yayansa, wato majigin gilashin gaba, wanda ya daɗe a duniya. Asalinsa na sojojin sama ne. Matuƙin jirgin yaƙi ba ya da sararin sunkuyar da kai ya duba agogo, don haka aka nemi dabarar da za ta ɗora masa alƙaluman a gaban idonsa. Jirgin sojojin ruwan Ingila mai suna Buccaneer, wanda ya fara tashi a 1958, yana cikin na farko da aka sa wa irin wannan na'ura. Sai a 1988 kamfanin General Motors na Amurka ya sa ta a mota, ƙirar Oldsmobile Cutlass Supreme, inda take nuna gudun mota da korayen lambobi. BMW ya biyo baya da mai launi a farkon shekarun 2000, daga nan kuma abin ya bazu.

Yadda take aiki ba wani tsafi ba ne, kowane direba ya taɓa ganin irinsa. Ka ajiye farar takarda a kan dashbod da rana tsaka, za ka ga hotonta ya fito a gilashin gaba kamar tana shawagi a kan bonet. To haka abin yake. An ɓoye wani ɗan ƙaramin allo mai haske ƙwarai a cikin dashbod, bayan sitiyari, tare da madubai da ke ƙara wa hoton girma su cilla shi sama, gilashin gaba kuma ya dawo da shi cikin idon direba. Ido sai ya ɗauka rubutun yana can gaba, mita biyu ko uku daga direba. A babbar Mercedes S-Class da ta fito a 2020, hoton yana bayyana kamar yana nisan mita 10, har da kibiyoyi da ke kwanciya a kan kwalta suna nuna wa direba inda zai karya kwana.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Gilashin gaba ba falle ɗaya ba ne. Falle biyu ne aka haɗa, da wata leda mai danƙo a tsakiya wadda kaurinta bai kai milimita 1 ba, kuma ita ce ke riƙe gilashin in ya fashe kada ya tarwatse a fuskar mutane. Wani Bafaranshe masanin haɗa magunguna, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar wannan dabara tun 1909. Da yake gilashin yana da fuska ta ciki da ta waje, kowace fuska tana dawo da nata hoton, sai direba ya ga rubutu biyu, ɗaya a kan ɗaya, kamar mai ciwon ido. Maganin da masu ƙera motoci suka samo shi ne su yi ledar tsakiyar nan da kauri a sama, siririya a ƙasa, kamar bakin gatari, ta yadda hotunan biyu za su haɗu su zama ɗaya. Bambancin kaurin ƙanƙane ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa, hannu ba ya jinsa.

Ma'anar wannan ita ce, motar da ke da majigi tana da nata gilashin dabam, ko da kuwa tsawonsa da faɗinsa da lanƙwasarsa daidai suke da na ƴar'uwarta marar majigi. Ka sa mata gilashin gama-gari, zai zauna daram, ruwa ba zai shiga ba, mai gyara zai karɓi kuɗinsa kowa ya tafi yana murna. Sai an kunna mota a ga lambobi sun zama tagwaye. Irin waɗannan motoci suna nan cikin waɗanda ake kawowa: Lexus RX tun daga ƙirar 2010 akwai masu majigi, haka ma manyan samfuran Toyota Camry daga 2018, da BMW da Mercedes da dama. Sau da yawa dillali yakan yi cinikinsu bai ma san da na'urar ba, domin a kashe take, ko kuma an riga an canza gilashin tun a can kafin a loda motar a jirgi.

A nan dole mu yaba wa Peugeot. A ƙirar 3008 da ta fito a 2009, maimakon a haska gilashin gaba, sai suka sa wani ɗan falle na roba mai haske da ke tasowa daga dashbod in an kunna mota, a kansa lambobin ke fitowa. Mazda ma ta yi haka a wasu motocinta. Masu son ƙawa sun raina wannan dabara, suna ganin ta talaka ce, amma a hanyoyinmu ita ce mai hankali, domin gilashin gaba ya fashe sau goma a canza shi da kowane iri, majigi na nan yana aikinsa.

Mene ne hologiram?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaga babbar takardar kuɗi yana karkata ta a rana don ya tabbatar ba jabu ba ce, ya riga ya san hologiram ko da bai san sunansa ba. Shi ne wannan tsiri ko tambari mai sheƙi da ke canza launi da siffa in ka juya shi, irin wanda ake gani a manyan takardun sefa da na yuro, da kuma a katunan banki da yawa. Ba fenti ba ne. Wasu ƴan mitsi-mitsin layuka ne da aka zana a jikin abin, ƙanana ƙwarai har ido ba ya rarrabe su, waɗanda ke karkatar da haske zuwa inda aka tsara.

Wanda ya gano dabarar shi ne Dennis Gabor, haifaffen ƙasar Hangari da ke aiki a Ingila, a shekarar 1947, yana cikin neman hanyar gyara wata na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa. Amma abin bai yi wani amfani ba sai da aka ƙirƙiro hasken leza a 1960, wato haske mai launi ɗaya tak da ke tafiya a miƙe ba ya bazuwa. Gabor ya samu lambar yabo ta Nobel a 1971 saboda wannan aiki.

Abin da kamfanonin motoci ke yi yanzu shi ne su ɗauki wata siririyar leda mai jin haske, su haska ta da leza daga ɓangarori biyu, inda hasken biyu suka haɗu sai su bar zane na dindindin a cikin naman ledar. Hyundai Mobis ya ce kaurin tasu ledar kimanin maikuromita 100 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita, kusan kaurin gashin kan mutum. Ana iya sa ta a tsakanin fallayen gilashin nan biyu tun a masana'anta. Da ido ba ka ganin komai, hasken rana da na fitilun motoci suna wucewa ta cikinta kamar babu ita. Amma in haske mai wani launi na musamman ya zo mata daga wata kusurwa ta musamman, wato daga ƙaramin majigin da ke cikin dashbod, sai ta cafke shi ta juya shi ta aika wurin da aka umarce ta. Kamar ɗan dako ne da ya san kayan mutum ɗaya kawai a duk tasha, shi zai ɗauka, kuma ƙofar gida ɗaya zai kai su.

Daga nan ne fa'idodin suka fito. Na farko, tunda ledar ce ke yin aikin da madubai ke yi a da, akwatin da ake ɓoyewa a dashbod ya ƙanƙance. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin masu ƙera mota. Kamfanin Continental na Jamus ya taɓa bayyanawa a 2018 cewa babban majigi mai madubai yana cin wurin da ya kai kusan lita 30, wato ya fi jarkar mai ta lita 25 da muka sani, a cikin dashbod ɗin da kowane taƙi yake da mai shi. Na biyu, hoton na iya yin faɗi ya mamaye gilashin daga gefe zuwa gefe. Na uku shi ne abin da muka ambata a farko: tunda ledar tana aika haske wuri ɗaya ne kawai, ana iya raba gilashi gida biyu, direba na ganin nasa, fasinja na ganin nasa.

Sai dai a lura, ba duk abin da aka kira hologiram ne hologiram ba, kuma masu talla ba su cika damuwa da bambancin ba. A watan Satumban 2025 BMW ya nuna sabuwar iX3 a birnin Munich, wadda ke da bayanai jere a ƙasan gilashin gaba daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. Da gani sai ka rantse abu ɗaya ne da na Koriya, amma a can an shafa wa ƙasan gilashin baƙin launi ne ana haska shi, babu ledar hologiram. Akwai kuma kamfanin Envisics na Ingila, wanda nasa hologiram ɗin a cikin na'urar majigin yake, kwamfuta ce ke lissafa shi nan take, ba a jikin gilashi ba. Kamfanin ya ce fasaharsa ta farko ta shiga motocin Jaguar da Land Rover fiye da 150,000, kuma General Motors da shi kansa Hyundai Mobis sun zuba masa jari a 2020. Masu sa leda a cikin gilashi kuwa, ban da Zeiss da abokinsa, akwai Ceres Holographics na yankin Sikotilan, wanda ke aiki tare da Covestro na Jamus mai yin ledar, da Eastman na Amurka mai yin danƙon tsakiyar gilashi.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya shiga wannan kasuwa ya fita da riba. Wani kamfani mai suna WayRay, mai hedkwata a ƙasar Suwizalan, ya tara dala miliyan 80 a 2018 daga hannun Porsche da Hyundai da Alibaba da wasunsu, ya nuna gilashinsa na hologiram a motar Genesis G80 a Las Vegas a 2019, jaridun duniya suka yi ta yayata shi. A 2023 ya durƙushe ba tare da fasaharsa ta shiga motocin da ake sayarwa a kasuwa ba. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa baje kaya daban, ciniki daban.

Zai rage hatsari ko zai ƙara?

Hujjar masu fasahar ita ce kiyaye rayuka, kuma hujja ce mai ƙarfi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya daƙiƙa biyu yana duba agogo ko wayar salula ya yi tafiyar mita 56 ido rufe ke nan, kuma a tsakanin Dosso da Dogon Dutsi mita 56 ta isa jaki ko amalanke ko yaro ya fito daga daji. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ke kan gaba. Duk dabarar da za ta riƙe idon direba a kan hanya, ba mu da dalilin raina ta.

To amma ido a kan hanya ba shi ne hankali a kan hanya ba. Tun a 1980 masu bincike na hukumar NASA ta Amurka suka gwada wasu matuƙa jiragen sama a na'urar koyon tuƙi, suka sa wani jirgi ya tare filin da za su sauka. Wasu daga cikin masu amfani da majigin gilashi ba su ga jirgin ba sam, alhali yana gabansu ɓaro-ɓaro, saboda hankalinsu ya tafi ga lambobin. Waɗannan ƙwararru ne da aka horar. A ganinmu, lambar gudu da kibiyar hanya a gilashi alheri ne, amma ranar da aka fara turo wa direba saƙonnin waya da sakamakon ƙwallo da tallar shago a gaban idonsa, an mayar da magani guba. Wanda ya san yadda direbobinmu ke cika gilashi da sitika da labule da carbi mai lilo, ya san ba ƙarin abin kallo muke nema a wurin ba.

Ranar da tsakuwa ta tashi

Yanzu mu dawo kan hanyoyinmu. Ko a kan kwalta ko a kan burji, babu direban da ke dogon zango da bai san ƙarar nan ta "ƙas!" ba, lokacin da tirela ta wuce ta harbo tsakuwa. Tun daga ɗan tabo kamar ƙwayar gero, zafin rana da sanyin asuba da gargada su ja shi har ya ratsa gilashin. Ga kuma hazo da ƙurar hunturu, wadda in aka kunna abin share gilashi a kanta a bushe sai ta kankare gilashin kamar an goga masa yashi. A ƙasarmu gilashin gaba kayan ci ne kamar taya da burki, ba abin da ake sa ran zai kai ƙarshen ran mota ba.

A motar da ke da hologiram, wannan gilashi da tsakuwa ke hari shi ne agogon gudu, shi ne ma'aunin mai, shi ne taswira. Masu ƙera motocin ma ba su ɓoye ba cewa burinsu shi ne su cire agogunan bayan sitiyari gaba ɗaya su bar gilashin ya yi aikinsu. Kuma ledar ba irin sitika ba ce da za a ɓanɓare daga tsohon gilashi a manna wa sabo, tana cikin naman gilashin, an kuma zana ta daidai da lanƙwasar wannan ƙirar mota da wurin da majiginta yake zaune. A majigi irin na da, gilashin da bai dace ba yana ba da hoto biyu, ana iya lallaɓawa a karanta. A na hologiram, gilashin da ba shi da ledar ba zai aiko wa direba hoton ba ko kaɗan. Mota na tafiya lafiya, amma mai ita bai san gudun da yake yi ba, bai san man da ya rage ba.

Ka ƙara da zafi. Duk mai sayar da gilashin hannu ya san yadda tsohon gilashi ke yin fari-fari a gefe kamar an zuba masa nono, ko ya yi ƴan kumfa a ciki. Danƙon tsakiyar ne ke saki saboda rana da damshi. Ledar hologiram ma dangin roba ce, a wuri ɗaya za ta zauna da wannan danƙo, kuma motar da za ta iso mana za ta zo ne bayan ta riga ta sha shekarunta a can, sannan ta fara shan ranar bazara ta Agadas ko Damagaram.

Wannan duk zai taɓa ciniki ta fuska biyu. Dillalin da ya sayi irin wannan mota da tsagaggen gilashi yana lissafin kuɗin gilashin da ya saba, zai tarar ribarsa ta tafi a gilashi ɗaya. Mai shagon gilashi kuma, wanda a da samfuri ɗaya ke yi wa ƙirar mota guda aiki, yanzu sai ya san wane ne mai majigi, wane ne mai gurbin kyamara a bayan madubi, wane ne mai duka biyun. Motocin da ke da kyamarar lura da hanya ma sai an sake saita kyamarar da kwamfuta bayan an canza gilashi. Wanda ya riga abokansa koyon wannan bambanci, ya kuma samu amintaccen mai turo masa kaya da lambar shasi, shi zai riƙe manyan abokan ciniki. Wanda ya ci gaba da aunawa da igiya zai yi ta karɓar kayan da aka dawo masa da su.

Tagogin gefe

Masu fasahar ba su tsaya a gilashin gaba ba. Tun a 2011 Toyota ya nuna wani tsari na gwaji inda yaro a kujerar baya ke zane da yatsa a jikin tagar mota, kuma a yau Zeiss da takwarorinsa suna tallata tagogin gefe da na baya da za su riƙa nuna fim ga na ciki, ko talla ga na waje, a jikin tasi da bas da jirgin ƙasa. Ba mu raba ɗaya biyu cewa ranar da wannan ya yi arha, masu motocin haya na Yamai da Kano za su karɓe shi hannu bibbiyu, domin tagar da ke kawo kuɗin talla ta fi tagar da ke zaune haka nan.

Amma akwai wani abin lura da ya shafi rai. Yawancin tagogin gefe falle ɗaya ne da aka gasa, wanda in aka buge shi sai ya ruguje ya zama ƙanana kamar tsakin masara. Shi ya sa in mota ta kife, ko ta faɗa ruwa, ko ƙofa ta ƙi buɗuwa, jama'a ke fasa taga da dutse su jawo mutane. In za a ɓoye leda a cikin taga, sai an yi ta falle biyu da danƙo kamar gilashin gaba, kuma irin wannan ba ya rugujewa, tsagewa kawai yake yi ya tsaya a wurinsa. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada ƴan kayan fasa gilashi guda shida a 2019, babu ko ɗaya da ya iya fasa mai falle biyu. Tun yanzu akwai motoci da yawa da ke zuwa da irin wannan taga a ƙofofin gaba don rage ƙara, kuma ya kamata direba ya san wace taga ce a motarsa ke fasuwa tun kafin ranar buƙata.

Abin da za a duba kafin a biya

Ga dillalin da ke tsaye a filin motoci, gane mota mai majigi ba ya da wuya. Ka leƙa ta gilashin gaba daga waje, a saman dashbod daidai bayan sitiyari: in ka ga wani rami mai kusurwa huɗu da murfin roba mai sheƙi, to akwai majigi. Ka kunna mota, ka nemi a kunna shi, ka zauna a kujerar direba ka duba da kyau. Lambobi su fito tsaf, guda ɗaya. In ka ga kowace lamba da inuwarta a sama ko a ƙasa, an canza gilashin da wanda ba nasa ba, sai a rage kuɗi. Ka cire baƙin tabarau kafin ka duba, domin irin tabaran nan masu kashe ƙyallin rana suna dusashe hoton majigi, sai ka zaci na'urar ce ta mutu.

Sannan ka karanta hatimin da ke kusurwar ƙasa ta gilashin. A gilashin da ya bi ƙa'idar Turai za ka ga harafin E a cikin da'ira da lamba a gefensa, 1 na Jamus ne, 2 na Faransa, sai kuma 43R a kusa. Sanduna biyu a saman da'irar suna nufin gilashin gaba ne mai falle biyu. A na Amurka za ka ga DOT da lamba, da kuma AS1. Gilasan majigi da yawa suna ɗauke da haruffan HUD a wannan hatimi ko kusa da shi. In sunan da ke hatimin gilashin gaba ya saɓa da na sauran tagogin motar, alama ce an taɓa canza shi.

Masu sarin kaya daga Dubai da Sin kuma za su ci karo da wasu ƙananan na'urori masu kamar wayar salula, da ake ɗorawa a kan dashbod su haska lambar gudu a gilashi. Wasu ana soka su ne a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda makanikai ke sa kwamfutar binciken mota a cikinta, kuma dokar Amurka ta wajabta wannan kafa tun 1996, ta Turai kuma tun 2001 ga motocin fetur. Wasu kuwa da tauraron ɗan'adam suke auna gudu, don haka suna aiki a kowace irin mota, har da tsohuwar da agogonta ya daɗe da mutuwa, kuma a nan ne muke ganin amfaninsu na gaskiya ga direbobin haya. Suna zuwa da wata ƴar sitika mai duhu da ake mannawa a gilashi don kada hoton ya zama biyu. Ko da an rubuta hologiram a jikin kwalin da manyan haruffa, madubi ne da fitila kawai, kuma da farashin madubi da fitila ya kamata a saro su. A gwada ɗaya da tsakar rana, mota na fuskantar rana, kafin a yi odar katan.